Canja manhajar imel a kwamfuta ba tare da wasiƙu sun salwanta ba: tambayoyin da aka fi yi min a shago

Assalamu alaikum. Ni dai ba wani babban injiniya ba ne, ɗan shago ne da ni na firintin da fotokopi da gyaran kwamfuta a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, sola biyu da batir ɗaya sai ƙaramin inji idan hadari ya rufe rana. To daga bara zuwa bana aikin da ya fi zuwa hannuna shi ne mutum ya shiga Kano ya sayo laftof ta hannu a Beirut ko Farm Centre, ya dawo ya ajiye min ita tare da tsohuwar ya ce Malam a mayar min da wasiƙuna nan ciki. Hedimastoci, ma'aikatan ƙaramin asibiti masu tura rahoton wata, sakatarorin ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo, duk tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, har na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta su wuri guda.

Ni a waya nake duba Gmail ɗina, wannan maganar ta shafe ni?

A'a ƙanena, kai ba ruwanka. Haka wanda yake buɗe Chrome ya shiga Gmail ko Yahoo ta burauza. Maganar ta masu manhajar da ake sakawa a cikin kwamfuta ce irin su Outlook, Thunderbird, Windows Live Mail, ko ƙaramar Mail ɗin nan da take zuwa da Windows 10. Amfaninsu a wajenmu babba ne, don ko sabis ya ɗauke kana iya karanta tsofaffin wasiƙu, ka rubuta amsa ka ajiye, in sabis ya dawo ta tafi da kanta.

To me ya sa kowa yake canjawa yanzu?

Yawanci ba da son rai ba ne. Microsoft ta daina tallafa wa Mail da Calendar na Windows tun 31 ga Disamba 2024, tana tura mutane zuwa sabon Outlook. Windows Live Mail kuwa tun Janairun 2017 aka yi bankwana da ita amma wlh har yau ina ganin ta a kwamfutocin makarantu. Shi kansa Windows 10 ɗin an tsayar da tallafinsa ranar 14 ga Oktoban 2025. Wasu kuma Office ɗin da aka saka musu ne ya fara kukan lasisi, kullum jan layi a sama, sai su ce a nemo musu na kyauta. Na kyautar da nake sa wa mutane shi ne Thunderbird na Mozilla, yana nan tun 2004, ba a biyan ko sisi kuma ba talla a ciki. In kwamfutarka Windows 7 ce ka sani Thunderbird 115 ne na ƙarshe da yake hawa kanta, sababbin ba za su hau ba.

Malam wai wasiƙun nawa ina suke zaune ne, a kwamfutar ko a intanet?

Yawwa, wannan ita ce tambayar da duk aikin ya rataya a kanta, kuma mutum goma in suka shigo shagona da ƙyar ɗaya ya yi ta kafin ya taɓa komai.

Hanya biyu manhaja take ɗauko wasiƙu. Akwai POP akwai IMAP. Ka ɗauka kamar hatsi ne. A IMAP hatsinka yana sito a Dawanau, kai makulli kawai gare ka, ka je daga kwamfuta ka duba, ka je daga waya ka duba, buhunan dai suna can ba su motsa ba. Kwamfutarka in ta ƙone yau ka sayi wata gobe, ka sa makulli ka tarar da komai. POP kuma shi ne ka tura mota ta kwaso hatsin ta kawo rumbun gidanka. Da zarar an kwaso, sito ya zama wayam, in gobara ta ci rumbun shi ke nan sai Innalillahi. Akwai wani saiti a POP da yake barin kwafi a saba, wato siton nan na kamfanin imel ɗin da yake intanet, amma Outlook da Thunderbird duka yadda suke zuwa kwana 14 kawai suke bari sannan su goge na can, sai in mutum ya shiga ya canja da hannunsa.

To ka ga wanda aka saita masa POP shekara takwas da suka wuce, wasiƙun shekara takwas ɗin nan duka a cikin had dis ɗin tsohuwar kwamfutar suke, ba a ko'ina ba. Kuma ko da an bar kwafin masu shigowa a saba, waɗanda kai ka tura ba sa komawa folda ta can a yawancin akawun, suna nan a gida. Irin wannan mutumin in yaro ya yi masa fomatin don wai kwamfutar tana nauyi, babu malamin da zai dawo masa da su cikin sauƙi.

Sai dai IMAP ma yana da nasa sharrin: tunda sito ɗaya ne, abin da ka goge a kwamfuta ya gogu a waya, ya gogu a ko'ina. Kar ka ce bari in share tsohuwar manhajar tas tunda na koma sabuwa, ka bi wasiƙu kana gogewa ɗaya bayan ɗaya, naka na gaske kake gogewa.

Ya zan gane wanne aka saita min?

A Outlook ɗin da yake zuwa cikin Office ka danna File, sai Account Settings, za ka ga adireshinka da wani layi a gefe da aka rubuta Type, nan zai nuna POP ko IMAP ko Exchange. A Thunderbird ka shiga Account Settings sai Server Settings, a sama za ka ga Server Type. In a wajen Port ka ga lamba 995 ko 110 POP ne, in 993 ko 143 IMAP ne. Wata dabara mai sauƙi da nake yi a gaban mai kaya: mu buɗe akawun ɗin a burauza mu nemi wata tsohuwar wasiƙa da ya tuna, misali takardar canjin wajen aiki ta shekara biyar baya. In tana can, alhamdu lillahi. In babu ita a burauza amma tana cikin manhaja, to a yi hattara da wannan kwamfutar kamar ƙwai.

Na duba IMAP ne, sai me?

Kai ka huta. Saka sabuwar manhajar, rubuta adireshi, ita za ta nemo saitin da kanta, wasiƙu su fara saukowa. In ta kasa nemowa, na Gmail shi ne imap.gmail.com da 993 na karɓa, smtp.gmail.com da 465 ko 587 na turawa. Yahoo kuma imap.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com, lambobin duk ɗaya.

Abu ɗaya dai ka duba kafin ka yi murna: foldodin da ba sa saba. A Thunderbird sunansu Local Folders. A Outlook daga na 2013 zuwa sama za ka ga wasu an rubuta musu This computer only a gefe, kuma yawanci adireshin mutane da kalanda a nan suke ɓoye. Waɗannan ba za su biyo ka ba sai ka ɗauko su da kanka.

Fasawod ɗina daidai ne wlh, a waya yana shiga, amma manhajar ta ƙi karɓa

Na yarda da kai Yallaɓai, ba mantuwa ka yi ba. Kamfanonin ne suka canja tsari. Google ta rufe shiga da fasawod tsirara daga tsofaffin manhajoji tun ƙarshen Mayun 2022, Microsoft ma ta yi haka ga masu Hotmail da Outlook.com a Satumban 2024. Yanzu sabuwar manhaja wata 'yar taga take buɗe maka ta kai ka shafin Google ɗin kansa, ka sa fasawod a can, a turo maka lamba a waya, ka danna yarda. Sunan tsarin OAuth2, in ka gan shi a saiti shi za ka zaɓa. In manhajar ta tsufa ba ta san wannan ba, a Gmail da Yahoo akwai abin da ake kira App password, na Google harafi 16 ne kuma sai ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu tukuna zai bayyana.

Kuma don Allah a zo da layin wayar da aka buɗe akawun ɗin da shi. Sau nawa mutum zai zo daga nesa a kan babur, mu kai wajen lambar, sai ya ce ai layin yana wajen uwargida a gida ko ya ɓata tun bara.

Nawa POP ne a Outlook, wane fayil zan kwafa?

Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da pst. Shi ne rumbun gaba ɗaya, wasiƙu da adireshi da kalanda duk a ciki. A Outlook na Office daga na 2010 zuwa sama yawanci yana Documents cikin folda mai suna Outlook Files, in ba ka gan shi ba ka koma Account Settings ka danna Data Files zai nuna maka inda yake. Ka rufe Outlook ruf kafin ka kwafa, in yana buɗe ko ya ƙi kwafuwa ko ya kwafu a gurgunce.

Akwai ɗan'uwansa mai kama da shi da ya ƙare da ost, nan ne mutane suke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Farkon fara aikina wata anti ma'aikaciyar lafiya ta kawo min kwamfutarta, an canja mata wajen aiki, na ga fayil ƙato mai ost na kwafe a filash ina jin kaina gwani, na yi wa kwamfutar fomatin. Da na zo buɗewa a sabuwar sai Outlook ya ce bai san zancen ba. Ashe ost inuwa ce kawai ta abin da yake saba, a ɗaure yake da wannan akawun da wannan kwamfutar, ba a ɗaukar sa a kai wani wuri a buɗe. Ga shi akawun ɗin ofis ne an riga an rufe mata. Ranar ban iya cin tuwon dare ba, ita ce ma take ba ni haƙuri tana cewa ƙanena bar shi haka Allah ya ƙaddara, abin ya ƙara min kunya. Abin da ya kamata in yi tun Outlook yana buɗewa shi ne File, Open & Export, Import/Export, Export to a file, in zaɓi Outlook Data File, in sa alama a Include subfolders, ya fitar min da pst mai kyau. Minti ashirin da sun ishe ni.

A sabuwar kwamfutar in Outlook ne dai, Open & Export sai Open Outlook Data File ka nuna masa fayil ɗin. Ka fara sauke shi daga filash zuwa cikin kwamfutar, kar ka buɗe shi a kan filash ɗin.

Daga Outlook zan koma Thunderbird, zai buɗe pst ɗin?

Kai tsaye a'a. Thunderbird da nasa salon ajiya mai suna mbox, kowace folda fayil ɗaya ce doguwa da aka jera wasiƙu a ciki. Amma yana da Import a ƙarƙashin Tools da yake iya jawo kaya daga Outlook, da sharaɗin Outlook ɗin yana nan a kan wannan kwamfutar yana aiki, don ta bakinsa yake tambayar wasiƙun. Shi ya sa tsarin da nake bi shi ne: in saka Thunderbird a TSOHUWAR kwamfutar tukuna, in jawo komai a nan, in duba sun cika, sannan in ɗauki Thunderbird ɗin dungurungum in kai sabuwar. Mutane suna yin akasin haka, su cire Outlook da farko sannan su zo neman hanya. Wani lokacin jawowar tana tsayawa a tsakiya musamman in pst ɗin ya yi girma ko ya ɗan lalace, akwai wata ƙaramar manhajar gyara da take zuwa tare da Office mai suna scanpst, a fara wuce da shi ta nan. In duk ya ƙi sai a bi ta gadar IMAP da zan yi bayani a ƙasa.

Thunderbird nake amfani da shi dama, sabuwar kwamfuta kawai na saya

Naka ya fi na kowa daɗi. Komai naka yana cikin folda ɗaya da ake kira profile: wasiƙu, adireshi, saiti, har fasawod. Rufe Thunderbird, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta %APPDATA% ka danna Enter, za ka ga folda Thunderbird, kwafe ta gaba ɗayanta. A sabuwar ka saka manhajar, kar ka saita komai, rufe ta, je wannan wurin dai ka goge wadda ta ƙirƙira ka ajiye taka. Kana buɗewa za ka ga kamar ba ka tashi daga gida ba. Sai dai ka tabbata na sabuwar kwamfutar bai girmi na tsohuwar a shekaru ba, wato lambarsa ta zama daidai ko sama, don tsohon Thunderbird ba ya son profile ɗin da sabo ya taɓa. Akwai Export a cikin Tools da yake naɗe komai a zip, amma in kayan sun wuce 2GB yana ba da wahala wajen mayarwa, ni kwafar folda ta fi min kwanciyar hankali.

Kuma tunda fasawod yana ciki, filash ɗin nan ya zama makullin gidanka, kar a bar shi a teburin mai shayi.

Ofis sun ce dole Outlook, ni kuma kayana suna Thunderbird

Outlook ba ya cin mbox, ba shi da ƙofar shigarsa ma. A nan ne gadar take aiki, kuma ita ce hanyar da take yi tsakanin kowace manhaja da kowace. Ka samu akawun na IMAP mai fili, ko Gmail sabo ka buɗe don wannan aikin kawai, suna ba da 15GB kyauta wanda ake rabawa da Drive da Photos. Ka saka shi a tsohuwar manhajar kusa da tsofaffin wasiƙun, ka ƙirƙiri folda a cikinsa, ka zaɓi wasiƙu ka yi Copy zuwa can. Copy fa na ce, ba Move ba, in sabis ya yanke a tsakiyar Move sai ka rasa gane wanne ya tafi wanne ya saura. In sun gama hawa sai ka saka wannan akawun ɗin a sabuwar manhajar su sauko.

Kar ka ɗora dubu goma a lokaci guda. Ɗari biyar, dubu ɗaya, ka jira, ka ƙirga, ka ƙara. Google tana da iyakar abin da take bari a ɗora ta IMAP a rana, a ƙa'idarta ta akawun ɗin ofisoshi 500MB ne ɗorawa, 2500MB saukewa, in ka matsa sai a rufe maka ƙofa na wasu awanni ka zauna kana zargin sabis. Mai kaya da yawa aikin kwanaki ne, ni nakan ce ya bar min kwamfutar ya dawo ranar kasuwa ta gaba.

Me zai hana in yi fowadin ɗinsu kawai zuwa sabon adireshi?

In guda biyar ne yi abinka. In sun fi haka kar ka fara. Duk wadda ka tura za ta koma kai ne mai aikowa kuma kwanan watan yau ne, ranar da za a ce kawo shaidar cewa ka tura rahoton watan Maris shekara uku baya sai ka rasa ta inda za ka nemo.

Data fa? Mu nan sai an hau tudu ake samun sabis mai kyau

Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa in dai da hali na fi son kwafar fayil ta filash a kan bi ta intanet, ba ta cin ko kobo. Gadar IMAP sau biyu take cin data, hawa da sauka, in kayanka 3GB ne ka yi lissafin 6GB har da ɗoriya. Sannan sabuwar manhaja in ka saka mata akawun ba ta tambayarka, sai ta hau sauke wasiƙun shekara goma da duk hotunan biki da aka taɓa turo maka, kana haɗe da hotspot ɗin waya kafin ka ankara an turo maka saƙon data ta ƙare. A Thunderbird ka shiga Synchronization & Storage ka ce na kwana 30 na baya kawai ya sauke, ka kuma sa iyakar girman wasiƙar da zai ɗauko, sauran sai ka danna su za su buɗe. A Outlook akwai wani abin ja da ake zaɓar wata nawa za a ajiye a kwamfuta. Babban aiki kuma a bari sai dare lokacin garaɓasar data, ko ranar da za ka shiga Dutse ko Kano inda sabis yake da ƙarfi.

Filash ɗina 32GB ne babu komai a ciki amma ya ce fayil ɗin ya yi girma

Ba filash ɗin ne ya cika ba, tsarinsa ne. Yawancinsu da FAT32 suke zuwa, shi kuma ba ya karɓar fayil guda ɗaya da ya wuce 4GB ko da fili ya kai filin idi. Ka kwashe abin da ke ciki ka yi masa fomatin zuwa exFAT ko NTFS. Pst kuwa yana iya ƙatuwa sosai, Outlook daga 2010 yana barin sa har 50GB, na da can kafin 2003 ne yake tsayawa a 2GB ya fara lalacewa.

Sai a kula da filash na jabu da ake rubuta masa babban lamba alhali cikinsa kaɗan ne, zai nuna maka ya kwafa lafiya ƙalau, ranar buɗewa ka tarar da shara. Bayan ka kwafa ka duba girman fayil ɗin a wuri biyun ko ya yi daidai, ka gwada buɗewa. Kuma in kwamfutar tebur ce ko laftof mai mataccen batir kar ka fara wannan aikin da wutar da ba ka da tabbas a kanta, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta pst na daga cikin abin da ya fi lalata shi. Ni sai rana ta take batir ya cika nake farawa.

Wasiƙu sun zo, amma adireshin mutane babu, kuma sunaye sun koma wasu alamomi

Adireshi daban ake fitar da su, ko a CSV ko a vCard wanda yake ƙarewa da vcf, kalanda kuma ics. In an ba ka zaɓi ɗauki vCard. Matsalar CSV ita ce haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, in ba a ajiye fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba sai ka ga Ɗanladi ya koma alamar tambaya da anladi, Ɓaɓura ma haka. In ka buɗe shi a Excel kuma yana iya cinye sifilin farkon lambar waya, 080 ta koma 80. Gara ka buɗe da Notepad ka yi Save As ka zaɓi UTF-8.

Wani abin da yake ruɗa mutane: adireshin da suke fitowa da kansu in ka fara rubuta harafin farko a Outlook, da yawansu ba a littafin adireshi suke ba, manhajar ce kawai take tuna su. Mutum zai rantse yana da adireshin kowa, a fitar a ga guda bakwai. Sa hannun ƙasan wasiƙa da dokokin rarraba wasiƙu zuwa folda su ma ba sa tsallakawa daga wata manhaja zuwa wata, sake rubuta su za ka yi, ka ɗauki hotonsu da waya kafin ka tashi.

Kowace wasiƙa ta zama biyu ko uku

In Gmail ne, ba lallai biyu ba ne da gaske. Gmail ba folda yake amfani da ita ba, lakabi yake manna wa wasiƙa, to manhaja sai ta nuna kowane lakabi kamar folda, ga kuma All Mail da ya tattara komai. Wasiƙa ɗaya ce kake gani ta taga uku. Ka cire All Mail daga jerin waɗanda ake saukewa ka huta, datarka ma ta huta. In kuma POP ka sake saitawa a sabuwar manhaja bayan ka riga ka shigo da tsofaffin, to ta sake kwaso abin da ya rage a saba ne, waɗannan biyun gaske ne sai an bi an cire.

Ina da tsohuwar kwamfuta mai XP a ɗaki, akwai wasiƙun marigayi mahaifinmu a ciki, za su ceto?

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. In had dis ɗin yana juyawa akwai fata. Ta XP yawanci Outlook Express ce, fayilolinta suna ƙarewa da dbx. Windows Live Mail tana iya shigo da su, ita kuma kowace wasiƙa fayil ɗaya take ajiye ta mai ƙarewa da eml, su kuwa eml jan su kawai za ka yi da linzami ka saka a folda cikin Thunderbird. Hanyar da ɗan zagaye amma tana kaiwa. Kar dai ka yi ta kunna ta kana kashewa don gwaji, tsohon had dis kowane tashi yana rage masa kwana, ka kawo a ciro shi a kwafe komai tukuna.

Na ga manhajoji a intanet masu cewa suna juya pst ko ost zuwa komai, in saya?

Da yawansu za su juya maka 'yan wasiƙu kaɗan kyauta sannan su ce kawo dala. Waɗanda ake cewa an fasa kuma, nan ne ake kwaso bairos, ka ba manhajar da ba ka san mai ita ba duk sirrinka. Ga Thunderbird akwai ƙari na kyauta mai suna ImportExportTools NG da yake shigo da mbox da eml ya kuma fitar da su, ga Google Takeout da yake ba ka duk Gmail ɗinka a mbox ka ajiye. Waɗannan da gadar IMAP sun ishi kusan kowa. Inda kawai zan ce a yi tunanin biya shi ne irin halin da na jefa antin nan, ost a hannu akawun a rufe.

Yaushe zan iya goge tsohuwar ko in ba yaro ita?

Ba ranar ba dai, Alhaji. Ka yi wata guda kana aiki da sabuwar. Ka buɗe su gefe da gefe ka duba adadin wasiƙun kowace folda, Inbox da Sent musamman, Sent ɗin nan ita aka fi mantawa kuma ita ce ake nema ranar rigima. Ka buɗe tsofaffi guda goma masu ɗauke da takarda ka ga takardun suna buɗuwa. Pst ɗin ko folda Thunderbird ɗin ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a filash ɗaya a wani wuri daban da ba ɗaki ɗaya ba, damina tana zuwa rufin kwano ba shi da alƙawari. In Gmail ka buɗe don gada kuma kana so ya zama ma'ajiya, ka riƙa leƙa shi lokaci lokaci, don Google tana iya goge akawun ɗin da aka shekara biyu ba a shiga ba.

In akawun ɗin na wajen aiki ne kuma ka ji ƙishin-ƙishin canji ko ritaya ta matso, ka nemi izinin shugabanka ka fitar da abin da yake naka tun kana da makulli. Sannan kafin kwamfutar ta tafi hannun yaro ko kasuwa ka cire akawun ɗin daga manhajar, ka canja fasawod, a yi mata fomatin na gaske. Kwanaki wani ya kawo min wadda ya saya a hannun wani malami, ina buɗe Outlook sai ga wasiƙun mutumin suna ta shigowa har da saƙon banki, sai da na nemo lambarsa a ciki na kira shi na ce Malam ka canja fasawod ɗinka yau ɗin nan.